'Yan Wasan Barhar Misfala

Rannan jikana ya ɗauko ni a mota daga asibiti za mu koma gida Shisha, sai na ce ya bi da ni ta tsohuwar unguwarmu Misfala. Ya ce, "Ya Jadda, akwai zahma fa a can," wato Kaka, akwai cunkoso. Na ce ya dai bi. Muka yi ta kewaya tsakanin dogayen benayen da alhazai ke sauka, ina leƙe ta gilashi ina neman inda barharmu take, ban gane ko lungu ɗaya ba. Dutsen da nake kwatance da shi ma an fasa shi an yi hanya. Barha fili ne da ake bari a tsakiyar unguwa, ba na kowa ba, kuma na kowa. Tamu ba ta da wani kyau, rairayi ne da kashin awaki da iccen magarya guda, amma a cikinta mahaifina da yayana suka yi shekaru suna sa mutanen Makka dariya. Yanzu ko sunansu babu wanda ya sani, shi ya sa na ga gara in faɗa tun ina iyawa.

Ni ban taɓa ganin ƙasar Hausa da idona ba. A hanya aka haife ni, a wani ƙauyen manoman auduga a Sudan, kuma a goye aka tsallako da ni teku. Farkon labarin a bakin Inna na ji shi, muna zaune muna ɓarar gyaɗa. Babanmu ɗan hoto ne a garinsu, can wajen Katsina, irin manoman nan da in an gama girbi sukan cilla galma sama su tare ta da ƙirji, ana kiɗa, mata na guɗa. Da ya yi niyyar Hajji sai ya taso a ƙafa, da Inna, da ɗansu na fari, Yaya Ila, yana ɗan mitsitsi. Guzuri ya ƙare tun suna ƙasar Wadai. Ran wata kasuwa Baba ya ari galma a hannun wani maƙeri ya cilla, jama'a suka taru, aka ba su dawa da busasshen nama. Daga ranar wasa ya zama abincin tafiyarsu. A hanya suka haɗu da Kawu Tanko, wanda ba mu haɗa jini da shi ba, tafiya ce ta mai da shi kawu. Shi mai dabo ne, yakan ciro ƙwai daga kunnen mutum. Akwai kuma wani Jatau mai wasa da biri. Da suka iso bakin teku masu jirgi suka ce biri ba zai hau ba. Jatau ya zauna a kan rairayi da birinsa a kafaɗa, ya ce su yi gaba, zai biyo su. Inna ta ce har jirgi ya yi nisa tana hango su. Bai biyo ba, ba a kuma sake jin labarinsa ba.

Da suka shigo Harami suka ga Ka'aba, Kawu Tanko ya yi kuka ya ce ya bar dabo har abada. Shi ma Baba bai ƙara neman galma ba. Ina ma gonar da za a samu galma a Makka? Ya zama saƙƙa, mai kai ruwa gidaje. Zai je bazan, inda ake ɗiban ruwan unguwa, ya cika garwa biyu ya rataya su a sanda ya saɓa a kafaɗa, abin da ake kira zafa, ya yi ta hawa da sauka a benayen Larabawa tun asuba har rana ta yi tsaka. Ɗakinmu na tsofaffin garewani ne da aka buɗe aka baje, da buhuna da kara, a cikin wani hoshi, wato kewayayyen fili, da muke tare da wasu gidajen Hausawa. Abin da ke tashe ni da safe shi ne ƙarar garewanin Baba suna karo da juna, sai kukan jakuna, sai kurciyoyin Harami in sun tashi gaba ɗaya. Kiran salla a lokacin muryar mutum ce tsura, in iska ta juyo mu ji ta sarai, in ba ta juyo ba mu dubi inuwa. Ni aikina markaɗen wake a dutsen niƙa don ƙosan Inna, da tsintar gawayi, da zama gaban faifan soyayyiyar gyaɗa ina korar awaki. Yau jikokina in famfo ya yi jinkirin kawo ruwan zafi sai ka ji gida ya kaure da Larabci. Ba na ganin laifinsu. Ba su taɓa ganin kafaɗar mutumin da ruwa ya yi wa kanta ba.

Shekaru suka shuɗe babu wanda ya ambaci wasa. Yadda abin ya dawo kuwa, wata ƙaramar salla ce. A ranakun salla akan kafa lilo na katako a barha, yaran unguwa su sha sabbin kaya su yi ta hawa. Mu 'ya'yan Takari, kamar yadda ake kiranmu, mukan tsaya gefe muna kallo, don ba mu saba shiga cikinsu ba. Baba ya zo wucewa da zafarsa, tun da ƙishirwa ba ta san salla ba, sai ya gan ni tsaye da yatsa a baki. Ya sauke garewanin. Ya zare sandar, ya tsayar da ita a kan haɓarsa, ya saki hannu. Yaro ɗaya ya nuna wa ɗan'uwansa. Daga nan ya ɗauki garwa cike da ruwa ya ɗora a goshi, ya tanƙwara baya, ya kewaye iccen magarya, ko ɗigo bai zuba ba. Kafin ya dawo inda ya fara lilo ya zama babu kowa a kai. Sai ya miƙo mini tafin hannunsa ya ce, "Taka nan." Na taka, ya ɗaga ni sama da kan kowa. Umda, wato mai unguwa, wani dattijo mai jan gemu, yana zaune a kan bencinsa yana dariya har yana share hawaye. Ya aiko aka ce wa Baba gobe ma ya zo.

Haka wasan barha ya kafu, kuma duk salla sai ya ƙara girma, har daga wasu unguwanni ake zuwa. Ganga ba a yarda da ita ba a lokacin, sai tafi. Samarin hoshinmu su yi da'ira suna tafawa, 'ya'yan Larabawa da na Jawa, wato mutanen Indunusiya, da na Indiya su kama, tun ba su iya ba har suka iya. Kawu Tanko, wanda ya koma gasa tsire a bakin hanya, ya daɗe yana dojewa. Da ya shigo, sai ya shigo da sharaɗinsa. Zai ciro ƙwai daga kunnen yaro, in an gama mamaki sai ya juya hannun rigarsa ya nuna inda ya ɓoye shi, ya ce da Larabcinsa mai gargada, "Hannu ne, ba aljani ba." Yana cewa abin da ya tuba a kansa ruɗin mutane ne, to yanzu ba ya ruɗin kowa. Amma abin da aka fi so a wurinsa kwaikwayo ne. Yakan yi kukan raƙumin da aka yi wa lodi ya ƙi tashi, ya yi muryar jagoran alhazai yana neman tsohuwar da ta ɓace masa, ya yi cinikin Bahaushe da ɗan Jawa a kan tabarma, kowa na yarensa, babu mai jin wani. Har umda yakan kwaikwaya a gaban umda.

Sai dai tauraron barha Yaya Ila ne. Ya taso siriri, mai dogayen yatsun ƙafa, ba ya iya tafiya daga ɗaki zuwa ƙofar hoshi ba tare da ya yi alkafura ba. Shi ya koya wa kansa tafiya a kan igiya, da igiyar shanyar Inna ya fara, ya tsinka mata ita ba sau ɗaya ba. Ran salla akan ɗaure igiyar guga tsakanin magarya da ginshiƙin lilo, ya hau da sandar zafa a hannu, ya je ya dawo, ya zauna a tsakiya ya yi kamar barci ya ɗauke shi. A ƙarshe mukan yi abin da muke kira hasumiya: Baba a ƙasa, Yaya a kafaɗarsa, ni a kafaɗar Yaya. Daga can nakan hango hasumiyoyin Harami na gaskiya ta saman rufin gidaje. Ranar farko na leƙa ƙasa, Baba ya ce daga ƙasa, "Bar duban ƙasa, tana nan, ba inda za ta." Na yi 'yan shekaru ina hawa. Wata salla Inna ta ɗinka mini mayafi tare da sabuwar riga, ta ajiye a kan tabarmata, na gane nawa ya ƙare. Na koma kallo tare da mata ta bayan asabari. Na yi kuka a ɓoye, amma ban daɗe ba, don ta bayan asabarin ma ana ganin Yaya.

A wani lokacin Hajji wani Bamisire ya sauka a gidan da Yaya ke kai ruwa, don a lokacin ya girma ya ɗauki tasa zafar. Mutumin ya ga yadda yake saukowa daga bene ta kan hannun matakala da garewani a kafaɗa, ya tambaya, aka ba shi labarin barha. Bayan an sauko daga Mina sai ga shi a hoshinmu da la'asar, ƙato mai gashin baki, yana share gumi. Aka shimfiɗa masa tabarma, Inna ta aiko ni da shayi na miƙa ta bayan ƙyaure na tsaya ina ji. Bamisiren ya ce shi ma ɗan wasa ne. A Masar suna da wata babbar rumfa ta tanti da suke yawo da ita gari gari, suna kiranta sirk, akwai dawaki da zaki da masu tafiya a igiyar ƙarfe can sama. Ya ce yaron nan an haife shi ne don wannan, a ba shi shi, zai riƙe shi kamar ɗansa.

Baba ya saurare shi har ya gama, ya gode masa, ya raka shi bakin hanya. Da ya dawo ya tarar da Yaya tsaye.

Baba ba ya kiran sunansa, saboda ɗan fari ne. Ya ce, "Kai, cire wannan a ranka. Na bar gonar ubana, na binne ƙannenka biyu a hanya, don in kawo ku nan. Ba zan ɗauki ɗaya in mayar kan hanya ba."

Yaya ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baba, ban ƙi maganarka ba. Amma a nan ranakun salla kaɗai nake jin ni ne. Sauran shekara duk jira nake yi."

Baba ya ce, "Mutane na sayar da abin da suka mallaka don su zo su mutu a garin nan."

Yaya ya ce, "Ni ban kai mutuwa ba tukuna, Baba."

Baba ya dube shi, ya ɗauki buta ya fita. Ban taɓa ganin gidanmu ya yi shiru irin na kwanakin nan ba. Yaya yana zuwa bazan yana dawowa a kan ƙafafunsa biyu kamar kowa, babu tsalle, babu alkafura, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Inna ba ta sa baki ba sai wata safiya da Baba ke ɗaura igiyar garewaninsa. Tana juya ƙosai a kasko, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, ran da za mu taso, tsohonka ya biyo mu har bakin rafi yana roƙonka ka bari sai baɗi. Ka tuna?"

Baba ya ce, "Ni Ɗakin Allah na nufa."

Ta ce, "Haka ne. Amma shi tsohon ba Ɗakin Allah yake gani ba, bayan ɗansa yake gani. Kuma duk da haka ya sa maka albarka. Yaron nan in ka hana shi zai zauna, na san shi. Sai dai ka duba abin da zai zauna ya zama."

Baba ya saɓa zafarsa ya tafi. Da la'asar ya dawo da buhunan rairayi a kan jakin maƙwabci, ya zube a tsakar hoshi, ya baje. Ya ɗaure igiya tsakanin ginshiƙin ƙofa da na rumfa, sama da tsayin mutum. Ya ce wa Yaya, "Hau." Yaya ya hau, ya kai tsakiya. Baba ya kama igiyar ya fizga. Yaya ya faɗo a kan hannunsa, ya tashi yana riƙe da wuyan hannu, yana kallon Baba da mamaki.

Baba ya ce, "Ka iya tafiya, ba ka iya faɗuwa ba. Wa ya ce ka tare ƙasa da hannu? Naɗe kanka, ka ba ta kafaɗa da gefe, ka mirgina. Sake hawa."

Bai taɓa cewa ya yarda ba. Faɗuwar nan ita ce yardarsa, kuma dukanmu mun gane. Kullum bayan la'asar har alhazan Masar suka fara haɗa kaya, Baba na fizgar igiya Yaya na faɗowa, ta dama, ta hagu, ta baya, wani lokaci da garwa a hannu. Jikinsa duk ya yi tabo. Matan hoshi suka ce Malam zai karya yaron nan kafin ya tafi. Kawu Tanko yana zaune yana soke nama a tsinke ya ce su bar shi, wannan ne kaɗai guzurin da yake da shi da zai ba shi. Ranar tafiya muka raka shi inda manyan motocin Jidda ke tsayawa. Inna ta ƙulle masa gyaɗa da yaji a tsumma. Baba ya dafa kansa ya yi masa addu'a a hankali, sannan ya ce, "Kada ka bar salla, kada kuma ka hau igiyar da ba kai ka duba ƙullinta ba." Mota ta tashi, Baba ya juya ya koma bazan, don akwai gidajen da ke jiran ruwa.

Wasan barha bai mutu nan take ba, lalacewa ya yi a hankali. Baba ya ci gaba da ɗora garwa a goshi, wasu samari suka gwada igiya, amma jama'a sun riga sun ga Yaya. Aka yi mini aure a hoshin da ke bayan namu. Kawu Tanko ya rasu a wata shekarar zafi, aka yi masa salla a Harami kamar yadda ya daɗe yana roƙo. Rediyo ya shigo gidajen shayi, samari suka koma can. Motocin ruwa suka fara shiga unguwa, bayan Baba kuma ya riƙe, har ta kai ba ya iya tashi daga gadon igiyarsa sai an kama shi. Wata salla na leƙa barha na ga lilo kawai. Labarin Yaya kuwa sai jefi jefi, a bakin alhazai: wani ya ce ya gan shi a wani gari bakin kogi, wani ya ce ya ji ya yi aure.

Ina da 'ya'ya uku a lokacin da ya dawo. Da hantsi ne, ina gidan su Inna ina taya ta tankaɗe, sai wani mutum ya yi sallama a ƙofar hoshi, da tufafin Misirawa, yana dogara sanda, ƙafarsa ta hagu ta gajarce. Na ja mayafi na ce wa ake nema. Ya yi ta laluben kalma, sannan ya kira ni da sunan da shi kaɗai ke kirana da shi tun ina ƙarama. Inna ta saki rariya. Ba ta rungume shi ba, ba ta kira sunansa ba, ta dai zauna a ƙasa ta rufe fuska da gefen zanenta.

Ya shiga wurin Baba ya durƙusa da ƙyar, ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Hausarsa ta tsufa a bakinsa, rabi duk Larabcin Masar ne. Baba ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce, "Daga ina?"

Yaya ya ce, "Daga can saman tanti, Baba. Ƙarfen da ke riƙe da igiya ne ya karye."

"Ta ina ka sauka?"

"Ta gefe. Na naɗe kai na ba ta kafaɗa. Likita ya ce da da ka na sauka, da ba a kawo ni wurinsa ba."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, madalla. Gyara zama, a kawo maka abinci."

Ya yi Hajjinsa, ya zauna da mu har alhazai suka watse. Kullum yana gefen gadon Baba yana ba shi labarin garuruwan da ya taka igiya, da yadda yanzu shi ke koya wa yaran tantin. Baba yana ji yana gyara masa Hausa. Na roƙe shi ya zauna, ya ce yana da mata a can da 'ya'ya maza uku, ba zai yi musu abin da zai sa su tsaya a bakin hanya suna jira ba. Ya koma. Baba ya rasu bayan tafiyarsa ba da daɗewa ba, Inna ta bi shi, shi kuma Yaya ban ƙara ganinsa ba.

Ya faɗa mini sunayen yaran nan nasa a ranar da zai tafi. Na riƙe biyu, na ukun ya ɓace mini da tsufa. Yanzu su ma sun zama dattawa in suna raye, a wani gari da ban sani ba, kuma na tabbata ba su jin ko sannu da Hausa. In an kai ni Harami a keken guragu nakan ambaci biyun da sunansu, sannan in ce, da ɗan'uwansu, Ya Allah, Kai Ka san shi.